Zuwa ga Edita: abin da muke ɗigawa a idon ɗiyanmu da sunan magani

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaida kai da sauran ma'aikatan wagga jarida da masu karatu duka, da fatan an gama girbi lahiya. Don Allah ka ba ni hili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato abubuwan da muke zubawa a ido in ya yi ja, da sunan maganin gargajiya. Ni malamin lakkol ne nan Tawa, ba likita ba ne, amma abin ya shigo har cikin gidanmu, shi ya sa na zauna na yi ta tambaya da karatu har na ga ya kamata in rubuto.

Bara lokacin girbin hatsi, ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 11 da ke wani ƙauye wajen Illela, yana taya babansa ɗaurin dami sai zangarniya ta share shi a idon hagu. Ba wani babban abu ba ne a ganin kowa, wa ye a cikinmu hatsi bai taɓa buge ma ido ba? Uwar ta buɗe idon ta hura, da dare wata maƙwabciya mai goyo ta tatsa mishi nono a ciki. Washegari ido ya yi jajir yana ta hawaye, sai kakarsa ta wajen uba ta tsinko ganye ta daka a turmin yaji, ta tace ruwan da bakin zanenta ta ɗiga mishi sahe da marece har kwana uku. Wallahi ƙauna ce ta sa ta, matar nan ta hi kowa son yaron. Da abin ya ƙi, ranar kasuwa babansa ya sayo kolir na dala ɗari wajen wani mai tebur, aka sa, ido ya lafa kwana biyu kowa ya ce alhamdulillahi, kwana na uku yaro ya tashi yana kururuwa yana ruhe huska da riga don ba ya iya kallon haske. Sai a kwana na 11 suka hau mota suka zo mini Tawa.

Ba zan manta abin da na gani ba da na ɗaga fatar idon da yatsa a ƙofar gidana. A tsakiyar baƙin idon akwai wani farin tabo kamar ƙwayar dawa, gefensa ba daidai ba kamar gashin tsuntsu, can ƙasa kuma cikin idon mugunya ta kwanta kamar jinjirin wata. Muka tahi wajen likitan ido, ya ɗiga wani abu ruwan ɗorawa ya haska da hitila mai shuɗin haske, duk wurin gyambon ya yi kore shar. Tambayar farko da ya yi ita ce, me kuka sa mishi? Ƙanwata ta sadda kai ta ce ba komi. Sai da na ce mata "Ke, faɗi gaskiya, ba faɗa za a yi miki ba" sannan ta lissafa. Ya ce hunhuna ce ta kama wurin, funfuna inji mutanen Kano, irin wadda ke rayuwa a jikin kara da ganye, kuma kolir ɗin mai tebur yana da kortizon a ciki, wanda ke kwantar da ja da zahi amma yana ɗaure ma garkuwar ido hannu, ita kuma hunhunar ta samu sarari ta yi ta ci. An yi makonni ana ɗiga magani, da farko kowane awa har cikin dare. Ido bai fashe ba, mun gode Allah, amma hakiya ta zauna daidai kan hanyar gani. Yanzu da wannan idon motsin hannu kawai yake gani.

Kada wani ya ce ɗan boko ya zo ya raina abin kakanni. Ni da sabara aka yi mini wankan jego tare da uwata, har gobe in ciki ya ɓaci ina jiƙa abin da na sani in sha, kuma a gidanmu ba a rasa zogala da bagaruwa. Amma ido ba ciki ba ne. Abin da ka sha yana tarar da tsamin tumbi da hanta da ke tace shi. Shi ko gilashin da ke saman baƙin ido kaurinsa rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, don haka ne ma yake garau haske ke wucewa. In fatarsa ta sama ta ɗan kwarzane, duk abin da ka zuba ya samu ƙofa, kuma in ya warke da tabo to tabon fari ne, ba ya komawa garau. Tabo a ƙafa ba ya hana tahiya, amma tabo a nan makanta ce.

To me ya sa kowa ke rantsuwa cewa maganinsa na aiki? Na daɗe ina tunanin wannan, amsar tana ga apolo. Sunan ma ya samo asali ne daga annobar da ta ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauka kan wata, mutane suka haɗa biyun. Birus ne ke kawo shi, kuma yana warkewa da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu ko ba a sa komi ba, ko antibiyotik na farmasi ba ya kashe shi. Saboda haka in apolo ya shigo unguwa ya kama mutum goma, wannan ya ɗiga ruwan sukari, wancan ruwan albasa, wata ta sa ruwan ganye, wani ya wanke da ruwan tsamiya, bayan kwana goma duk sun warke, kowa sai ya ce nashi ne ya yi. Ba ƙarya suke ba, abin da suka gani suke faɗi, sai dai ba su ga na goma sha ɗayan ba da bai sa komi ba shi ma ya warke. Matsalar tana zuwa ranar da jan idon ba apolo ba ne, gyambo ne kamar na yaronmu, a ido duk ja ne, sai a ɗauko maganin nan da "ya yi aiki bara".

Kuma an bincika wannan a Afirka tun da daɗewa. A Tanzaniya wasu likitocin ido biyu, Yorston da Foster, sun wallafa a 1994 cewa cikin masu gyambon baƙin ido da suka zo asibitinsu, kashi 25 cikin 100 abin yana da alaƙa da maganin gargajiya da aka sa a idon. A Malawi cikin waɗannan shekaru an samu kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon baƙin ido sun sa na gargajiya kahin su zo. Na baya-bayan nan daga Mbarara ta Yuganda ne, a 2019, inda kashi 60 cikin 100 na masu irin wanga gyambo suka ce sun ɗiga, kuma su ne suka hi zuwa a makare, gyambonsu ya hi girma, ganinsu ya hi lalacewa a ƙarshe. Ɓarnar ta hanya uku take zuwa kamar yadda na fahimta, ko ruwan ya ƙone idon, ko ya shigo da ƙwayar cuta daga turmi da tsumma da ruwan randa, ko kuma ya cinye kwanakin da ya kamata a ce ana gaban likita. Mu duka ukun suka haɗu mana.

Akwai waɗanda ba ma sai an yi dogon bincike ba. Nonon tumfafiya, wadda ta cika bayan gari ko'ina cikin Adar, ɗigo ɗaya in ya faɗa ido yana sa gilashin ya kumbura gani ya dushe, wani lokaci ma ba zahi sosai, shi ya sa ake raina shi, alhali yana kashe wasu ƙwayoyi na cikin gilashin da ba sa sake tohowa. Aguwa da muke shinge da ita da tinya, nasu nonon ƙuna ne kai tsaye. Hitsari kuwa, ina roƙon mutane da girman Allah su bari, domin in mai hitsarin yana da ciwon sanyi to an zuba ma ido ƙwayar da ke iya huda shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ita ce kuma ƙwayar da jinjiri ke iya ɗauka wajen haihuwa, don haka jinjirin da bai yi wata ba in fatar idonsa ta kumbura tana zubar da mugunya, ba maganar nono ba ce, ba maganar a jira suna ba ce, a ranar za a kai shi.

Maganar kwalli tana da nauyi don ta taɓa addini, zan yi ta da ladabi. Hadisi ya ambaci ismid, wato wani dutsen kwalli, da suna, babu mai musu. Tambayata ita ce, dutsen da muke saye a kasuwa mu niƙa mu ranɓaɗa ma jinjiri, shi ne ismid ɗin? Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna yawancin baƙin dutsen nan mai walƙiya dutsen darma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jinjiri ɗan wata 6 a Boston, iyayensa ƴan Najeriya, da aka samu darma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa mishi sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 darma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, darma kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma duk wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010, wajen 400 da darmar haƙar zinari ta kashe, ya san ba abin wasa ba ce. Ga kuma tsinken kwalli ɗaya da ke zagaya idon gida duka. Haka zuma, Allah ya ce akwai waraka a cikinta kuma mun yi imani, a Ostareliya da Niyuzilan ma sun yi maganin ido da wata zuma tasu da ake ce ma manuka, an gwada shi kan masu bushewar ido da ciwon gefen fatar ido an ga amfani, amma sai da aka tace ta aka kashe duk ƙwayar da ke ciki aka auna yawanta. Ba ita ce zumar cikin tsohuwar kwalbar lemu ta bakin tasha ba, wadda ba ka san ko an haɗa ta da sukari ba.

Abin da ya hi ba ni sha'awa a karatun da na yi shi ne maganin ido na likita da kansa daga itace ya hito da yawa. Maganin farko da aka samu na hawan jinin ido, cikin shekarun 1870, daga wani wake ne na Kalaba ta Najeriya, wake mai dahi da mutanen can suka san ƙarhinsa tun kahin Bature ya zo. Pilokarpin, shi ma maganin hawan jinin ido, daga ganyen wani itace ne na Barazil. Atropin da likita ke ɗigawa ya buɗe ɗan ido, dangin abin da ke cikin zaƙami ne. Kai, ko maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ganye ne na Sin ɗan uwan tazargade, matar da ta ciro shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A wannan shekarar ma a jami'ar Nottingham ta Ingila sun ɗauko wani haɗin maganin ido na kakanninsu mai shekara dubu, tafarnuwa da albasa da madaciyar shanu da giya, aka bar shi kwana 9, suka gwada a ɗakin gwaji ya kashe wata ƙwaya mai taurin kai da ta gagari antibiyotik da yawa. Amma ba su ce kowa ya je ya ɗiga ba, kuma kada mutanen Galmi su ji an ce albasa su ce to ga shi. Su ma sabara da bagaruwa da marke an sha gwada ruwansu a kan ƙwayoyin cuta cikin faranti a ɗakin gwaji kuma suna nuna wani abu. Sai dai ruwan jabel ma yana kashe ƙwaya a faranti, wa zai zuba shi a ido? Tsakanin faranti da idon ɗan Adam akwai aiki mai yawa, a san wane sinadari ne, nawa ne ya isa, nawa ne ya zama guba, a tsabtace shi, sannan a gwada.

Yadda ake gwadawar ma ba sai mun je nesa ba, nan Dosso aka yi. Wani bincike da ake ce ma MORDOR, da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya aka hitar da sakamakonsa a 2018, a wajenmu Boboye da Loga ne. An raba ƙauyuka da ƙuri'a, wasu aka ba yaransu wani antibiyotik mai suna azitromisin sau biyu a shekara, wasu aka ba su wani abu mai kama da shi sak amma babu magani ciki, mai bayarwa da mai sha ba wanda ya san wanne ne wanne, sai bayan shekara biyu aka ƙirga, aka ga a Nijar mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a ƙauyukan da suka samu na gaskiya. Kuma azitromisin ɗin nan ta hanyar ciwon ido ya shigo ƙauyukanmu, yaƙi da amodari. Ni na tashi na tarar da kakata tana rataye da matsefata a wuya tare da layunta, kullum da hantsi ta zauna gindin bedi ta kira ɗaya daga cikinmu ya cire mata gashin ido da ya juya ciki yana kartar baƙin, ta sha ganye ta sa ganye har ta rasu ba ta gani. Yau yaran ajina da yawa ba su ma san wannan ba, kuma abin da ya kawo sauyin an san shi, wankin huska, salanga don rage ƙuda, rabon azitromisin, man tetrasiklin sau biyu a rana na sati shida, da ƙaramin aikin gyara fatar ido, da taimakon irin su Cibiyar Carter da Helen Keller. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar bakin kogi. Ashe in an bi abu da gwaji da ƙirga muna iyawa.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ke cikin kwalba mai rubutun Turanci lahiya ne. Rabin abin da ya samu yaronmu daga kwalba ya hito. Kolir mai kortizon da ake sayarwa a tebur cikin rana, iyaye na sayen shi ma yaran nan masu ƙaiƙayin ido da farin idonsu ke komawa ruwan ƙasa, yana daɗin aiki nan take, sai a yi ta sawa wata da watanni, shi kuma yana hawar da jinin ido a ɓoye har jijiyar gani ta mutu, ko ya kawo yanar ido. Ko a Amurka a 2023 wani ruwan ɗiga ido na kamfani da ƙwaya ta shiga ya kama mutum 81, huɗu suka mutu, wasu huɗu aka cire musu ido. In na kamfani ya yi haka don tsabta ta kuɓuce, ina ga turmin yaji?

Ba na ganin laihin kakar yaron, kuma ba na son a mayar da masu maganin gargajiya abokan gaba. Su ne ke kusa, su ne ke karɓar kaza ko tiya ɗaya ta hatsi ko su ce sai ka samu, alhali zuwa Tawa daga ƙauye kuɗin mota ne na mutum biyu da abinci da ordonas, ga gona an bari. A Malawi abin da suka yi bayan bincikensu shi ne suka zauna da masu maganin suka koya musu gane idon da ya hi ƙarhinsu, suka roƙe su su bar sa komi cikin ido, su zama masu turo marasa lahiya. Me zai hana a yi haka a kowane likitan ƙauye namu? Kowace ranar 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yi jawabi a baje garin magani a watse. Ina ma a ce ma'aikatar lahiya da masu bincike na jami'ar Abdou Moumouni su tattara abin da ake ɗigawa a ido daga Ƙonni zuwa Abalak, da sunan ganyen da yadda ake haɗa shi, a gwada, wanda ke da amfani a gyara shi yadda Mali ta yi da nata har ana sayar da siron tari na Balembo a farmasi, wanda ke ƙona ido kuma a faɗe shi da sunansa a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci. Zogala kuwa a ci ta a kwaɗo, da karas da mangwaro da hanta in an samu, can ne take ma ido aiki, tana hana dundumi, kuma a kai yara su karɓi ƙwayar bitamin A da allurar ƙyanda.

Ga iyaye ƴan uwana, abin da likitan ya faɗa mini ranar nan na rubuta a bayan ordonas ina maimaita ma duk wanda ya zo gaishe mu. In ido ya yi ja kawai da ƙwantsa, gani bai ragu ba, a wanke hannu da sabuni, a goge daga waje da tafasasshen ruwa da ya huce da tsumma mai tsabta, kowa da nashi tsumman. Amma in wani abu ne ya buge idon, ko akwai zahi mai hana barci, ko mutum na gudun haske, ko gani ya dushe, ko an ga ɗan farin ɗigo kan baƙin, ko jinjiri ne, ko yaro mai ƙyanda da ya ƙi buɗe ido, to a ranar ake tahiya, kuma in an riga an sa wani abu a faɗa ma likita ba kunya, a riƙo kwalbar ko ganyen a hannu. In nonon tumfafiya ko aguwa ne ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 ko 20 kahin ma a kama hanya.

Malam Edita, ina roƙon ka aiko ɗan jaridarka ya zauna yini ɗaya a sashen ido na kowane asibiti cikin watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin girbi da sussuka, ya tambayi masu layi kwana nawa suka yi kahin su zo da abin da suka sa, ya buga mana. Yaron namu yana wajena yanzu, na sa shi lakkol ɗinmu a bencin gaba ta gefen da idonsa mai kyau ke kallon allo. Shekaranjiya muna cin tuwo ya ce mini, "Kawu, farin nan in na girma zai hita?" Na ce ya ci abincinsa, gobe in Allah ya kai mu za mu koma wajen likita mu tambaya tare.

Na gode da hilin da ka ba ni.

Naka,
wani malamin lakkol, Tawa